Tarihin Fasa Ƙwai: Yadda Ba Da Labarin Fim Ya Tashi Daga Gwaninta Ya Koma Laifi

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallo ne, to ka san mutumin nan da ba a rasa irinsa a kowace majalisa. Kun yi shiri da abokai za ku haɗu bayan Isha ku kalli sabon fim na ƙagaggen kimiyya, irin mai jiragen sararin samaniya da halittun wata duniya, an sayo man janareto, an tanadi gyaɗa da rake, sai ga gogan naka ya faɗo yana washe baki: "Ai na riga ku gani! Kun san wanda ya ci amanar ekta a ƙarshe?" Nan take wuri ya kaure, wani na toshe kunne, wani na cewa, "Don Allah kak ka hwaɗi!" A yau sunan wannan mutum mai fasa ƙwai. To amma ko ka san cewa shekaru arba'in da suka wuce, a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, shi ne ake matsa wa ya zauna a tsakiyar tabarma?

Mu faro daga majigi, domin shi ne hoto mai motsi na farko da ya riƙa shiga ƙauyukanmu. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da suke mulka, a ƙarƙashin wani Bature mai suna William Sellers, wanda dama ya yi aikin wayar da kai kan kiwon lafiya a Nijeriya. Mota ce ke zagayawa gunduma-gunduma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, gari ya taru kyauta. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da abin, ana nuna finafinan noma irin su Baban Larai, da kuma rangadin Firimiya Sa Ahmadu Bello, wanda shi kansa haifaffen Rabah ne, ya kuma riƙe hakimcin garin daga 1934 zuwa 1938. Abin lura a nan shi ne, majigi ba ya tafiya sai da mai sharhi riƙe da lasifika, yana faɗa wa jama'a abin da suke gani da darasin da ke ciki. Ka ga ke nan tun ran gini, kallo da bayani tare suka zo mana.

Wannan bai zama baƙon abu ba, don kuwa haka tatsuniya take. Wane yaro ne bai san yadda Gizo zai ƙare ba? Amma gobe ma sai ya roƙi kakarsa ta maimaita masa. Daɗin yana ga bakin mai bayarwa, yadda take sauya murya, da inda take jan rai.

Su kuwa gidajen sinima na kuɗi, a birane suka tsaya. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya a can da sauran manyan garuruwa, har da Sakkwato. Daga shekarun 1960 finafinan Indiya suka mamaye allo, irin su Mother India na 1957, wanda aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, mutane na komawa alhali sun haddace shi. 'Yan kallo har laƙabi suka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. To, saurayin da ke Wurno ko Goronyo fa? Sinima da dare ake yi, ga kuɗin mota, ga neman wurin kwana. Saboda haka sai wanda wata hidima ta kai birni, ko ɗan makarantar kwana, ko yaron mota, ko wanda ya kai albasa da tafarnuwa kasuwa, shi ke samun shiga. In ya dawo, bashi ne a kansa ya ba da labari.

Tambayi duk wani dattijo da ya yi samartaka a lokacin, zai gaya maka cewa ba da labarin fim fasaha ce mai zaman kanta. Gwani yakan miƙe tsaye, ya kwaikwayi tafiyar bos, ya yi ƙarar naushi da bakinsa, ya rera waƙar da ba ya jin ko kalma ɗaya a cikinta, ya kuma cike gurbin Indiyancin da hasashensa. Wanda ya tsaya bai kai ƙarshe ba, shi ne mai rowa. Ga mafi yawan masu sauraro, musamman matan aure da ba su zuwa sinima sam, labarin shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Yaya za a ce ka ɓata wa mutum kallon da ba zai taɓa yi ba?

A can ƙasashen Turawa kuwa, inda kowa ke iya sayen tikiti, tuni masu shirya fim suka gane cewa sirri haja ne. A 1960 darakta Alfred Hitchcock ya kafa sharaɗin kada a bar kowa ya shiga kallon Psycho bayan an fara, ya kuma roƙi jama'a su kame bakinsu. A fagen ƙagaggen kimiyya, Planet of the Apes na 1968 ya yi suna ne saboda fitowarsa ta ƙarshe. Da aka zo ɗaukar The Empire Strikes Back na 1980, ci gaban Star Wars, sai aka ɓoye babban sirrin labarin har ga yawancin ma'aikatan fim ɗin, aka sa wata magana ta bogi a takardar da aka raba masu. Kwantar da hankalinka, ba zan faɗa maka ko ɗaya ba. Mu ma muna da namu a wannan fanni: tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙon da ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Amma a aji ake karanta shi da ƙarfi, kuma 'yan ajin gaba sun riga sun ba ka labari tun kafin ka taɓa bangonsa.

Yaushe abin ya fara juyawa a wurinmu? A ganina, lokacin da labari ya fara zuwa kashi-kashi ana sayarwa. Littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun saba wa masu karatu da jiran littafi na biyu. Finafinan bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, su ma suka ɗauki salon yanke labari daidai inda ya yi zafi. Yarinyar da ta biya kuɗin hayar littafi, ko saurayin da ya biya kuɗin shiga gidan kallo mai janareto da benci, yanzu yana da abin da zai yi asara in ka riga shi da baki. Duk da haka, a gidan kallon ba a rasa mai zama a gaba yana shela: "Ku lura, yanzu za a harbe shi!" A yi masa tsawa, a yi dariya, a wuce.

Wayar hannu ce ta ƙarasa aikin. Da masu tura finafinai suka buɗe shaguna a kasuwanni da bakin tasha, ga kuma fassarar Hausa irin ta Algaita da ta cire shingen harshe, sai kowa ya zama mai sinimar kansa. Finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara a 2020, sun mayar da kallo na mako-mako: wani ya gani daren fitowa, wani sai ya sami caji ko data. Wannan tazarar ta kwana ɗaya ko biyu ita ce gonar mai fasa ƙwai. Ba mu kaɗai ba ne: a 2019 daraktocin Avengers: Endgame sai da suka rubuta wa 'yan kallon duniya wasiƙa suna roƙon a rufa wa fim ɗin asiri.

Sai dai a gabashin Sakkwato tazarar tana da wani dalili mai ɗaci. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. A cikin wannan watan ne aka saki Dune a Amurka, duniya na ta gardama a kansa, mu kuwa wa ke ta fim? Inda tsoro ya hana hirar dare, taruwar samari goma a gaban allo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kullum ake samunta ba.

Shi ya sa nake ganin fushin da ake yi da mai fasa ƙwai ya wuce batun sanin ƙarshen labari. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Leavitt da Christenfeld, sun gwada ɗalibai da gajerun labarai, suka tarar waɗanda aka faɗa wa ƙarshe sun ma fi jin daɗin karatun, ko da yake binciken da wasu suka yi daga baya ya sami akasin haka. Wanda ya karanta littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito tun 1965, ya san inda aka dosa, amma bai fasa kallo ba. Abin da ake ƙwace maka shi ne lokacin nan da ɗaki zai yi tsit, sannan kowa ya yi salati a tare. Sau ɗaya ake samunsa a kowane fim.

Don haka, mai karatu, in ka riga abokanka gani, kada ka binne gwanintar kakanninka. Ba su labarin yadda aka ƙera duniyar fim ɗin, kwaikwayi bos, yabi ekta, ja masu rai yadda tsohuwa ke yi da tatsuniya. In ka zo gaɓar ƙarshe, sai ka tambaya tukuna: akwai wanda ke da niyyar kallo? In akwai, ja bakinka ka yi shiru, ka karɓi kuɗin mai a hannun kowa, ku sa rana.