Salvador Sánchez da turmi uku da aka cire daga dambe

A ranar 12 ga Agusta 1982 Salvador Sánchez ya mutu a haɗarin mota kusa da Querétaro a ƙasar Meziko, yana ɗan shekara 23, yana riƙe da kambun hukumar WBC na ajin fam 126, wato kimanin kilo 57. Ya yi dambe 46, ya ci 44, an ci shi sau ɗaya, an tashi kunnen doki sau ɗaya, kuma ya kare kambunsa sau tara. Tun daga lokacin, duk inda masu bin damben zamani suka zauna, maganar ɗaya ce: da ya yi tsawon rai, da ya mamaye shekarun 1980 ba mai ja da shi. A ganina wannan lissafin ya yi sauƙi da yawa. Gwanintar Sánchez ba abin musu ba ce, sai dai filin da ya fi kowa iya taka rawa a kansa an naɗe shi watanni kaɗan bayan mutuwarsa.

A duba yadda yake cin manyan wasanninsa. A Fabrairun 1980 a Phoenix ya ƙwace kambun daga hannun Danny Lopez, mutumin da ya je har Akra a 1976 ya raba David Kotei na Ghana da shi. Alƙalin wasa ya tsayar da karawar ne a turmi na 13. Da suka sake haɗuwa a watan Yuni, sai a turmi na 14 aka gama. Wasansa na ƙarshe, a Madison Square Garden ranar 21 ga Yuli 1982, ya kai turmi na 15 kafin ya ga bayan Azumah Nelson. Sánchez ba mai gaggawa ba ne. Yakan ɓata turamen farko yana karantar abokin karawa, yana kauce wa naushi da ɗan motsin kai, yana rama kowane hari da biyu ko uku. Idan an koma kusurwa a turmi na goma sha wani abu, sai a ga ɗayan yana haki, shi kuwa numfashinsa kamar yanzu ya shigo fage. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a zamanin turmi 15 miyar ba ta ƙarewa sai bayan turmi na 12.

To, a Nuwamban 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim ya faɗi a turmi na 14 a karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, ya mutu bayan kwanaki kaɗan. Nan da nan WBC, hukumar da Sánchez ke riƙe da kambunta, ta rage wasannin kambu zuwa turmi 12 daga 1983. Minti tara kenan aka cire, kuma su ne mintunan da ya gina sunansa a kansu.

Za a ce ai Lopez ya riga ya sha kashi tun kafin turmi na 12, ko da an tsaya a nan Sánchez ne zai ci da maki. Gaskiya ne. Za a kuma kawo Wilfredo Gómez na Puerto Rico, wanda ya zo Las Vegas a Agustan 1981 ba a taɓa cin sa ba, yana gama kusan kowa da bugun kwaf ɗaya, amma Sánchez ya kai shi ƙasa tun a turmin farko, ya ƙarasa shi a na takwas. Wannan ma ba musu, kuma ya nuna cewa idan abokin karawa ya taho masa kai tsaye, ba ya buƙatar dogon lokaci. Matsalar tana wurin waɗanda ba sa tahowa kai tsaye. Patrick Ford na Guyana, dogo mai dogon hannu, ya wahalar da shi a 1980 har wani alƙali ya ba su kunnen doki. Pat Cowdell na Ingila ya kai shi ƙarshen turmi 15 a 1981, kuma alƙalai suka rabu biyu da ɗaya. Irin waɗannan wasannin ne gajeren zango ke mayarwa caca, domin mai saurin farawa zai iya tara maki ya laɓe har a kaɗa ƙararrawa.

Sai batun Nelson, wanda nan ne hasashen mamaya ya fi rauni. Bai wuce wasa 13 ba a matsayin ƙwararre lokacin da aka kira shi ya maye gurbin Mario Miranda, saura makonni kaɗan a yi wasa, kuma a Amurka kusan ba wanda ya san sunansa. Duk da haka, bayan turmi 14 ɗaya daga cikin alƙalan uku shi ya ba rinjaye. Wannan ɗanyen Nelson kenan. Wanda ya nuna shi ne ya je San Juan a Disambar 1984 ya buge Gómez a turmi na 11 ya karɓe kambun WBC daga hannunsa, sannan a 1985 ya je Birmingham ya kwantar da Cowdell a turmin farko, mutumin da Sánchez ya yi turmi 15 bai iya gamawa da shi ba. Karawa ta biyu tsakaninsu a 1984 ko 1985, a turmi 12, ba na jin mai gaskiya zai ce ya san wanda zai ci.

Wasu kuma na cewa da ma Sánchez ba zai zauna a ajin ba, zai hau sama ya nemi Alexis Argüello, wasan da aka yi ta raɗe-raɗinsa. Amma Argüello ya riga ya sa ido a kan fam 140, kuma a Nuwamban 1982 ɗin nan ya kara da Aaron Pryor a Miami. Hanyar da ta fi kusa ita ce fam 130, inda ɗan ƙasarsa Julio César Chávez ya zama zakaran WBC a Satumbar 1984, matashi mai dukan ciki wanda shi ma ba ya gajiya. Akwai wata ƙofar: Eusebio Pedroza na Panama, mai kambun WBA tun 1978, hukumar da ta ci gaba da turmi 15 na wasu shekaru. Sai dai siyasar hukumomi da ta masu shirya wasa ta hana su haɗuwa tun Sánchez na raye, kuma Pedroza kansa gwanin turamen ƙarshe ne.

Shekarunsa ma suna ruɗar mutane. A dambe ba ranar haihuwa ake ƙirgawa ba, yawan dukan da jiki ya sha ake dubawa. Sánchez ya zama ƙwararre yana ɗan shekara 16 a 1975. Pipino Cuevas, wani ɗan Meziko, ya ci kambu yana 18, amma bayan Thomas Hearns ya buge shi a 1980 bai sake komawa daidai ba. Wilfred Benítez ya ci nasa yana 17, kafin ya kai 30 tauraronsa ya dusashe. Chávez ya daɗe, haka ne, kuma Sánchez bai cika shan duka ba, don haka yana iya kasancewa cikin masu daɗewar.

Abin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne: da ya sake cin Juan Laporte a wasan da aka tsara masa a Satumbar 1982, wataƙila da ya ɗauki kambu na biyu a fam 130 bayan ya koyi fara wasa da wuri, sannan wani daga cikin Nelson ko Chávez ya ci shi kafin 1987. Laporte, Gómez da Nelson, su ukun da suka gaji kambunsa bi da bi, duk ya riga ya doke su kafin ya cika shekara 24.