Kyamarar hudar allura

Kyamarar hudar allura nau'in kyamara ce da ba ta da gilashin tattara haske. Akwati ne ko gwangwani mai duhun ciki wanda aka yi wa 'yar ƙaramar huda a gefe ɗaya. Haske yana shiga ta hudar ya sauka a kan fim ko takardar hoto da ke ɗaya gefen, siffar ta fito a juye.

Tarihi

Littafin Mozi na ƙasar Sin ya yi bayanin wannan juyewar siffa tun ƙarnoni kafin Miladiyya. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu wajen shekarar 1040, ya yi gwaje-gwaje a kanta a cikin ɗaki mai duhu. A 1856 David Brewster na Sikotilan ya yi rubutu kan ɗaukar hoto ta wannan hanya.

Yadda take aiki

Idan nisan hudar da fim ya kai milimita 50, hudar da ta dace faɗinta kusan milimita 0.3 ne. Ta fi haka girma ko ƙanƙanta, hoton ya dushe. Da yake hasken da ke shiga kaɗan ne, akan bar hudar a buɗe na daƙiƙu, mintuna, ko ma sa'o'i.

A harabar makarantu da lambuna

Wannan jinkiri shi ke zaɓa wa mai ɗauka abin da zai ɗauka. Gine-gine da kututturan itatuwa suna fitowa sosai domin ba sa motsi. Ɗaliban da ke wucewa sukan zama kamar inuwa ko su ɓace baki ɗaya, ganyen da iska ke kaɗawa kuma ya fito kamar hayaƙi. Shi ya sa masu koyo kan nufi harabar kwaleji ko lambun tsirrai, su dasa kyamarar a inda ba za ta girgiza ba.

A 2012 Regina Valkenborgh, ɗaliba a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila, ta ɗaura irin wannan gwangwani a cibiyar binciken sararin samaniya ta jami'ar da ke Bayfordbury. Sai a 2020 aka cire shi, ɗauke da sawun rana guda 2,953.

Tun 2001 ake bikin ranar wannan sana'a ta duniya a Lahadin ƙarshe na watan Afrilu.