Matsayi da Cancantar Manajan Ma'aikata a Masana'antun Sarrafa Amfanin Gona: Nazari daga Masarautar Yauri

Tsakure

Maƙalar ta nazarci aikin manajan ma'aikata a masana'antar da aka kafa a karkara, ta ɗauki Yauri da Ngaski da Shanga a matsayin fagen misali. An dogara da dokokin ƙwadago na Nijeriya da yanayin sana'o'in gaɓar tafkin Kainji. An nuna cewa takardar shaida wajibi ce, sai dai ba ta wadatar ba in babu sanin mutanen wurin da lokutan sana'arsu.

Gabatarwa

A 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu. A 2020 kuma kamfanin GBfoods, mai tumatirin Gino, ya kammala masana'antar sarrafa tumatir a Gafara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, a kan kuɗi naira biliyan 20. Duk lokacin da ake maganar irin waɗannan ayyuka, injuna da jari ake ambata. Wanda zai ɗauki ma'aikaci, ya horar da shi, ya tsare masa haƙƙinsa, ba kasafai ake tunawa da shi ba, alhali a hannunsa zaman lafiyar masana'anta yake.

Abin da doka ta ɗora masa

Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata 3 da farawa, ta kuma hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, ya kai asusun NSITF, domin ranar da inji ya ci hannun wani. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Bin waɗannan duka a wuyan manajan ma'aikata yake. Ta fuskar takarda kuwa, ana neman digiri ko babbar difloma a fannin gudanarwa ko makamancinsa, tare da rajista da CIPM, cibiyar da aka kafa a 1968, doka ta ba ta ikon tsara wannan sana'a a 1992.

Abin da takarda ba ta koyarwa

A nan ne zancen yake da nauyi. Tumatir amfanin rani ne, kuma ba ya jira. In ya nuna, ko a tsinke shi ko ya ruɓe. Saboda haka masana'anta tana buƙatar hannuwa masu yawa cikin 'yan watanni kaɗan. To amma a daidai wannan lokaci ne mutumin Yauri yake cire albasarsa, masunci kuma yana kan ruwa. Mutumin da ya zo neman aiki a bakin ƙofa ba zauna-gari-banza ba ne, manomi ne mai lissafin abin da zai bari a gona. Idan ranar kasuwa ta zo aka ga layin masu tantance tumatir ya ragu, manajan da bai san wurin ba zai kira shi lalaci, ya ɗauko takardar sallama. Wanda ya sani kuwa tun farko zai tsara jadawalin aiki da ranakun kasuwa da Juma'a da watan azumi a gabansa, ya kuma biya ɗan ƙwadago kuɗinsa a kan kari, domin labarin jinkirin biya ya fi komai saurin yawo a ƙauye.

Sai batun harshe. Hausa ce ta haɗa kowa, amma akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Fulani. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka manna a jikin tukunyar tururi bai kare wanda ba ya karatun boko ba. Dole a tsaya da shi a gaban injin, a nuna masa inda ba a sa hannu, da harshen da yake ji.

Akwai kuma tarihi. Gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya tayar da dubban mutane daga tsibirai da gaɓar kogin Kwara zuwa sababbin matsugunai. Al'ummar da ta taɓa rasa ƙasa saboda babban aiki ba ta wasa da maganar gona da rabon guraben aiki. Shi ya sa manajan yake buƙatar sanin ƙofar hakimi da dagaci, ba tare da ya mayar da ɗaukar aiki alfarma ba. A ganina wannan ne mafi wuyar aikinsa: ya saurari fada, amma cancanta ta yanke hukunci.

Tsaro ma ya shigo cikin aikin. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da harin da 'yan bindiga suka kai Gafara a 2022, tsara aikin dare da jigilar ma'aikata da shawo kan ƙwararru su zauna sun zama sai mai zurfin tunani.

Shawarwari

Kamfanoni su riƙa gwada mai neman wannan kujera a kan jin Hausa da sanin lokutan noma, kamar yadda suke duba digirinsa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru su tura ɗaliban gudanarwa sanin makamar aiki a waɗannan masana'antu lokacin kakar tumatir. 'Ya'yan Yauri da Ngaski da Shanga masu digiri kuma su daure su zana jarrabawar CIPM, domin harshe da sanin gida suna da su. Takardar ce ta rage musu.