Yadda ake samun tallafin gwamnati a Kafanchan da kudancin Kaduna

Tallafin kuɗi da Gwamnatin Tarayya ke bai wa iyalai marasa ƙarfi ya dogara ne a kan Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita tun shekarar 2016 tare da taimakon Bankin Duniya.

Ba a cike takardar neman shiga wannan rajista. Jami'ai ne ke zuwa unguwa ko ƙauye, su tara maza da mata da matasa, al'umma ta fitar da gidajen da suka fi buƙata, sannan a ɗauki bayanansu. Wannan tsarin ake bi a ƙaramar hukumar Jema'a, mai hedikwata a Kafanchan, da maƙwabtanta irin su Kaura, Jaba, Sanga da Zangon Kataf. Shiga rajistar kyauta ne. Duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi ɗan damfara ne.

A watan Oktoban 2023, gwamnati ta ƙaddamar da biyan Naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15. Ana buƙatar lambar NIN domin tantancewa.

Sha'anin gidaje kuwa yana ƙarƙashin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa. Bayan wata shida yana iya neman rancen bankin FMBN ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin wa'adin da bai wuce shekara 30 ba.