Tarihin Darussan Share Fage a Makarantun Fasaha na Arewa

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa darussan share fage ba ado ba ne, larura ce ta haife su.

Tun a 1909 Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya sanya koyon sana'a cikin makarantarsa ta Nasarawa a Kano, amma ilmin fasaha mai zurfi ya makara. Sai a 1956 aka buɗe Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. Nan fa matsala ta bayyana: an gina makarantu, amma ɗaliban da suka ƙoshi da lissafi da kimiyya daga sakandare ƙalilan ne. Saboda haka kwalejoji suka ɓullo da shekarar share fage, domin cike giɓin kafin karatun difloma.

Kudancin Kano ya ɗanɗana wannan ƙaranci, domin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, tana bukatar ƙwararrun ma'aikata. Jihar Kano ta tunkari cutar daga tushe: a 1977 ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya hukumarsu ta haɗa da makarantun fasaha, irin ta Bagauda a ƙasar Bebeji.

Abin lura shi ne, muddin sakandaren ƙauye ba ta da ɗakin gwaji, yaron Doguwa ko Ƙiru ba zai wadatu daga share fage ba. Rufe wannan ƙofa kafin gyaran tushe zalunci ne.