Daga Mutuwar Tauraro Zuwa Ramukan Bagega

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a Dareta da Abare na ƙasar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum: ƙurar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Daga baya aka iske gubar a Bagega ma. Waɗannan ma'adinai biyu da suka cakuɗu a dutse guda, a cikin taurari aka ƙera akasarinsu tun duniyarmu ba ta wanzu ba.

Masana huɗu, Margaret da Geoffrey Burbidge da William Fowler da Fred Hoyle, su suka shimfiɗa wannan bayani a 1957. Sai dai sun bar baya da ƙura: ta yaya babban tauraro ke mutuwa? Idan makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya zama ƙarfe, ilektiron ne ke tokare shi. Da matsi ya tsananta, sai furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarra ya haɗiye ilektiron, ya rikiɗe niyutiron. Ginshiƙi ya zame ke nan, tauraro ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, sannan ya tarwatse. Saurin wannan haɗiya ya dogara ne da ƙarfin wani sauyi da George Gamow da Edward Teller suka bayyana a 1936.

Ba wanda zai iya kunna tauraro a ɗakin bincike, don haka aka biyo ta bayan gida. Ana harba wata ƙwaya mai gudu kan ƙarfe ko nikel, su yi musayar caji: furoton na ƙarfen ya koma niyutiron, ƙwayar da aka harba ta fice da cajin. Yawan waɗanda suka wuce kai tsaye shi ke nuna ƙarfin sauyin. Wajajen 1980 aka tabbatar da dabarar a Jami'ar Indiana ta Amurka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a TRIUMF ta Kanada sun nuna cewa ƙarfin a warwatse yake a matakai da yawa, saɓanin yadda lissafin farko na Fuller da Fowler da Newman ya ɗauka. A kan haka Langanke da Martínez-Pinedo suka sake lissafin a 2000, hoton ruftawar tauraro ya canza. Ana ci gaba da aikin a Osaka da cibiyar FRIB ta Michigan, wadda aka buɗe a 2022.

Ina zinare ya shigo? Tauraron da ya tarwatse yakan bar dunƙulen niyutiron. A 17 ga Agusta 2017 aka hango irin waɗannan dunƙule biyu sun yi karo, hasken ya nuna alamun ƙera ma'adinai masu nauyi, dangin zinare. Dalma kuwa, kaso mai yawa nata a cikin tsofaffin taurari ta taru sannu a hankali.

A Zamfara ma awo ne ya tona asirin abin da ido bai gani ba. Sai da aka gwada jinin yara, aka ɗora na'urar eksire kan ƙasar tsakar gida, kafin aka san inda za a kwashe ƙasa da yaron da za a fara ba magani.