Fitilun tsohuwar radiyo: kowace tana ɗauke da takardar haihuwarta



Yau za mu leƙa cikin wani akwati da wasunmu munka taras cikin gida: tsohuwar radiyo mai jikin katako, wadda in an kunna sai an ɗan jira kafin murya ta fito. Wannan jiran yana da dalili. Cikinta akwai wasu ƴan kwalabe masu haske ja-ja kamar garwashi, sai sun ɗauki zafi sannan su kama aiki. Masu gyara suna ce musu lamp, yadda Faransawa ke faɗi. Mu nan za mu ce fitilar radiyo. Da su radiyo ke magana a da, da su ampli na sinima da na makaɗa ke ɗaga murya.

Abin da ya sa munka ɗauko zancen shi ne, masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaya unguwanni, ana ba su irin waɗannan akwatuna a kan kuɗin goro, a fasa, a kwashe wayar ciki, fitilun a watsar a bola. Alhali a Turai da Amurka da Japan akwai masu neman wasu daga cikinsu ruwa a jallo. Kuma kowace fitila tana iya gaya muna ƙasar da anka ƙera ta, wani lokaci har da shekara da wata, in mun iya karatunta.

Mu fara da asali. A 1904 wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya yi kwalbar da anka zuƙe iskar cikinta, da zare mai zafi da ɗan farantin ƙarfe. Wuta tana ƙetarawa daga zaren zuwa farantin, ba ta dawowa. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya sa ƴar raga tsakaninsu. Ragar nan ita ce sirrin duka. Ku ɗauka kamar mai ban ruwa a garka: da ɗan motsin hannu a bakin hanya yake sakin ruwa mai yawa ko ya tare shi. Haka ƴar ƙaramar murya in ta shiga ragar take juya wuta mai yawa, sai ta fito da ƙarfi a lasifika.

Yaƙin duniya na farko ne ya mai da ita kayan masana'anta. Daga 1915 sojan Faransa, ƙarƙashin Gustave Ferrié, sunka sa anka ƙera fitilar da ake kira TM da yawan gaske. A 1926 Bernard Tellegen na kamfanin Philips a Holan ya ƙara ragogi ciki har uku. A 1936 kamfanin RCA na Amurka ya fito da 6L6, wadda har gobe ake sa wa ampli na jita. Shekarun 1950 su ne ganiyar abin, lokacin su ECC83, EL84 da EL34.

Wannan ganiya ta zo daidai da shigowar radiyo ƙasarmu. BBC ta fara Hausa a 1957, Radio-Niger ta buɗe a Yamai a 1958, ita ce ta koma Muryar Sahel a 1974. Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Jamus ta fara nata Hausar a 1963. Waɗanda sunka fara jin waɗannan muryoyi cikin birane, malaman lakwal, ma'aikata, tsofaffin soja da attajirai, da yawansu da akwati mai fitila sunka ji su. Taransisto kuwa, da anka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen 1947, shi ya zo ya kai radiyo ƙauye da ruga cikin shekarun 1960, don ba ya cin pil da yawa, ba ya fashewa, ana rataya shi a kafaɗa. Daga nan fitila ta fara ja da baya.

To, yaya ake karanta ta? Mataki na farko shi ne sunan da ke jikinta, kuma sunan ba a banza anka sa shi ba. Tun 1934 Turawan Turai sunka shirya tsari. Harafin farko yana faɗin wutar da ke zafafa zaren: E na nufin volt 6,3, G volt 5, D volt 1,4, wato ta radiyo mai pil, U da P kuwa na fitilun da ake jerawa kan layi ɗaya ne, P ɗin galibi cikin tele. Haruffan da ke biye suna faɗin aikinta: C mai raga ɗaya, F mai ƙara ƙaramar murya, L mai tura lasifika, Y da Z masu daidaita kuran, M kuma ita ce koren idon nan da ke tsukewa in an kama tasha daidai. Lambar ƙarshe tana nuna irin gindinta: masu talatin da wani abu suna da babban gindi mai ƙafa 8, masu tamanin da wani abu kwalba ce zalla mai ƙafa 9, masu casa'in ƙafa 7.

Mu gwada. ECC83: volt 6,3, fitila biyu cikin kwalba guda, ƙafa 9. EL84: mai tura lasifika, ƙafa 9. In kun buɗe akwati kun ga DK96, DF96, DAF96 da DL96, kun san radiyon pil ce, irin wadda ta dace da garin da kuran bai kai ba. In kun ga EL41 ko ECH42, masu arba'in da wani abu, akwatin ya girmi mai EL84, don irin wannan gindi bayan yaƙin duniya na biyu kaɗan ya fito, kafin mai ƙafa 9 ya ture shi.

Amurkawa nasu tsarin da lamba yake farawa, ita ce volt ɗin zare: 6L6, 6V6, 5U4, 12AX7. Kuma 12AX7 ita ce dai ECC83, suna ne kawai ya bambanta. Tarayyar Sobiyet da nata baƙaƙen take rubutawa. Wadda ake karantawa 6P14P ƴar'uwar EL84 ce. Su Rashawa sun sauƙaƙa muna aiki, don a fili suke buga wata da shekara.

Mataki na biyu, nan ne ake cutar mutane. Sunan kamfanin da anka buga da fenti a jikin kwalba bai tabbatar da wanda ya ƙera ta ba. Kamfanoni sun riƙa sayen fitilu wajen juna suna buga sunansu. Philips shi kaɗai yana da ƴaƴa da yawa: Mullard a Ingila, Valvo a Jamus, La Radiotechnique a Faransa mai sayarwa da sunan Miniwatt Dario. Ana iya ganin fitila da sunan Faransa alhali a Holan anka yi ta. Kamar buhun shinkafa ne da anka juye cikin wani buhu: rubutun baya daban, abin ciki daban.

Gaskiyar tana can ƙasa, kusa da ƙafafu. A fitilun gidan Philips akwai ɗan rubutu layi biyu, toka-toka, wanda anka ci cikin kwalbar, ba fenti ba ne. Sai an karkata ta wajen hasken rana, ko a hura mata numfashi, sannan ya bayyana. Layin sama yana faɗin irinta: I6 na ECC83 ne, xf na EL34, rX na EL84. Layin ƙasa yana farawa da alamar masana'anta. B ita ce Blackburn a Ingila, gidan Mullard. Alama mai kusurwa uku ita ce Heerlen a Holan. D ita ce Hamburg a Jamus. F ita ce Suresnes kusa da Paris. Bayan alamar sai lambar ƙarshe ta shekara, sai harafin wata: A Janairu, B Fabrairu, haka har L, Disamba.

Misali, in mun ga B9E, mun karanta: Blackburn, shekara mai ƙarewa da 9, wata na biyar. Wato Mayun 1959, shekara guda da ƴan watanni kafin ranar 3 ga Agustan 1960 da munka samu mulkin kai. Daga farkon shekarun 1960 anka ƙara lamba ta huɗu mai nuna mako cikin wata. Wannan ƙarin yana taimako, don lambar shekara guda ce tak: 9 tana iya zama 1959 ko 1969. In haruffan uku ne, ta fi kusa da ta farko. In huɗu ne, ta baya ce.

A Amurka kowane kamfani yana da lambarsa ta rajista: 274 RCA, 188 General Electric, 312 Sylvania, 322 Tung-Sol, 280 Raytheon. Sau da yawa kusa da ita akwai shekara da mako, kamar 58-22, wato mako na 22 na 1958. RCA tana kewaye sunan fitila da zane mai kusurwa 8. General Electric tana barin ƴan ɗige-ɗige da anka ci cikin kwalbar. Telefunken ta Jamus kuwa tana da alamar da ta fi wuyar kwaikwaya: ɗan zane mai kusurwa huɗu kamar lu'ulu'u, cikin kwalbar kanta, a gindi tsakanin ƙafafu. Ko fenti ya ce Telefunken da manyan baƙaƙe, in ƙaramar fitila ce mai ƙafa 9 kuma babu wannan alama, a yi hattara.

Mataki na uku shi ne duban ciki, in rubutu ya goge. A saman kwalbar akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi. Wasu suna zaton ƙuna ce, su jefar. Ba ƙuna ba ce: sinadari ne da anka fesa don ya shanye ragowar iska. In yana ƙyalli, kwalbar a rufe take. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, fitilar ta mutu, babu maganinta. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da sinadarin shi ma shaida ne: mai kusurwa huɗu ko mai kamar harafin D galibi na shekarun 1950 ne, mai kamar zobe na baya ne. A ECC83 kuma tsawon farantin ciki yana magana: na farko dogaye ne, wajen milimita 17, daga baya anka rage zuwa wajen 14.

In mun haɗa waɗannan, akwatin duka ya zama littafi. A ce radiyo tana da fitila shida, biyar suna nuna 1957, guda tana nuna 1966. Biyar ɗin sun gaya muna lokacin da anka haɗa akwatin, don masana'anta ba ta daɗe da ajiye fitilu kafin ta sa su. Gudar kuma ta gaya muna cewa wajen shekara tara ko fiye bayan nan wani mai gyara ya buɗe ta ya canza wadda ta gaji, galibi mai tura lasifika ko mai daidaita kuran, don su sunka fi shan zafi. Sai a koma ga dattawan gida a tambaya: wa ya kawo ta, daga Kano ko Kwatano ko Dakar, ko daga aikin soja? Abin da tsohuwa ta tuna da abin da kwalba ta nuna, in sun haɗu, tarihin gida ya samu shekara.

Me ya sa ake nemansu yau? Don manyan gidajen sun rufe. RCA ta daina a 1976, Blackburn ta bi baya a farkon shekarun 1980. Amma makaɗan jita ba su saki fitila ba: Marshall da EL34 ya yi suna, Vox da EL84, Fender da 6L6 da 6V6. Masu son sauraren faifai su ma suna cewa muryarta ta fi taushi. Masu ƙerawa yanzu kaɗan ne, a Sulobakiya, a garin Saratov na Rasha, da ƙasar Sin, sai wani gida a Amurka mai yin 300B. A 2022, da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke, fitila ta yi wuya a kasuwar duniya, tsofaffin sunka ƙara daraja. Ku sani kuma, sabbin fitilu masu sunan Mullard ko Tung-Sol a Saratov ake yin su, sunan ne anka saya. Ba jabu ba ne in an faɗi gaskiya, amma ba su ne na da ba.

Kada dai kowa ya ɗauka ya tsinci zinariya. Yawancin fitilun tele masu farawa da P ba su da masu nema sosai. Waɗanda ake rububi su ne na ampli, irin su ECC83, EL34, EL84, GZ34, KT66 da KT88, su ma sai mai na'urar awo ya tabbatar suna da sauran ƙarfi.

Kafin mu rufe, gargaɗi uku. Na ɗaya, kada a goge kwalbar da ruwa ko tsumma mai danshi. Fentin da yana fita nan take, kuma da shi rabin shaidar ke tafiya. A kaɗe ƙura a hankali kawai. Na biyu, in za a cire fitila, a kama ta a gindi, a girgiza kaɗan-kaɗan a ja sama, a rubuta ramin da kowace ta fito. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci: kada a jona akwatin da ya shekara talatin a ajiye don a ji ko yana yi. Cikinsa wuta tana kai volt 250, a manyan ampli ta wuce 400, kuma wasu kayan ciki suna riƙe ta ko bayan an cire waya. Masu fitilun U sun fi haɗari, don ƙarfen jikin akwatin kansa yana iya ɗaukar kuran. A kai wa tsohon mai gyara wanda ya san su, a hana yara taɓawa.

Irin waɗannan masu gyara sun rage ƙwarai cikin kasuwanninmu, kuma ilimin yana kansu, ba a rubuce yake ba. Matasanmu masu gyaran salula, ku zauna da su tun suna nan. Wanda kuma yake da irin wannan akwati a ɗakin ajiya, ya ɗauki hoton rubutun gindin fitilar cikin hasken rana ya aiko muna, mu karanta tare.